Tutar da Na Yayyanka Don Korar Tsuntsaye

Akwai abu guda da na aikata da hannuna wanda da ana mayar da rana baya, shi zan fara gyarawa. Ban kashe kowa ba, ban ci dukiyar maraya ba. Ƙyalle ne na yanka da wuƙa, ƙyallen da bai kai zanen mace girma ba. Amma amana ne. Kawuna ya yi kusan shekara ashirin yana ɓoye da shi don ya mayar wa masu shi, ni kuma na lalata shi ana saura 'yan kwanaki ya kama hanyar gida. Yau gashina ya yi fari, na ga jikoki, kuma wannan rana ba ta fita daga raina ba, ba kuma za ta fita ba sai an sa ni a ƙasa. Shi ya sa na ce bari in rubuta ta da ɗan karatun da nake da shi, wanda bai wuce aji huɗu na firamare ba.

Abin ya faru ne a shekarun da gwamnatin soja ta hana shigo da alkama daga waje, aka ce kowa ya noma tasa. Mu da ke zaune a bakin kanal tsakanin Kura da Bunkure sai muka wayi gari ana ji da mu. Ruwa na zuwa daga Tiga rani da damina, taki na samuwa, malaman gona na yawo a kan babura suna ta yi mana bayani. Ni lokacin ina da shekara talatin da 'yan kai, mata ɗaya, 'ya'ya uku. Gonata eka ɗaya da rabi ce. Na zuba alkama a eka ɗaya, rabin kuma na sa tumatir. In babu aikin gona nakan zauna a zaure in yi ɗinkin hula.

Kawun da nake magana ƙanin mahaifiyata ne, tsohon soja. Kowa a gari Kofur yake ce masa. Ya yi yaƙin basasa daga farkonsa har ƙarshe, ya dawo da ɗingishi a ƙafar hagu da kunne ɗaya da ba ya ji sosai. Hukumar ruwa ta ɗauke shi aikin buɗe ƙofar kanal ɗin da ke shayar da gonakinmu, shi ke raba mana ruwa bi da bi. Bai yi boko ba, ko sunansa da yatsa yake dangwalawa. Akwai wasu tsofaffin sojoji biyu a garin da in suka zauna wurin mai shayi sai su ci garuruwa goma da baki, suna labarin yaƙi, kafin shayi ya huce. Kawu in ya ji an ɗauko zancen, sai ya tashi ya ce zai je ya duba ruwa. Wata ɗabi'a kuma da yake da ita, in lokacin tumatir ya yi, manyan motoci suka fara zuwa daga Kudu, sai ka gan shi a wurin lodi yana bin direbobi 'yan ƙabilar Ibo yana nuna musu wata 'yar takarda. Mutane suna ta zolayarsa wai Kofur zai koma ɗan kamasho. Ba wanda ya taɓa tambayarsa abin da ke cikin takardar, har da ni.

Ranar da na fara ganin ƙyallen, bayan damina ne. Na shiga gidansa da hantsi in tambayi ranar da ruwa zai zo layinmu, na tarar ya fito da adakarsa ta ƙarfe tsakar gida, ya baje kayan ciki a rana saboda raɓa da gara. Ga takalmin soja da ya bushe ya ƙandare, ga ɗamara, ga wani kwanon cin abinci mai marfi. A kan tabarma kuma ga wannan ƙyalle a shimfiɗe, ya ɗora duwatsu a kusurwoyinsa. Ja a sama, baƙi a tsakiya, kore a ƙasa. A cikin baƙin akwai rabin rana ruwan ɗorawa, da tsirkiyoyin haske suna fita daga jikinta. Na ƙirga su, goma sha ɗaya.

Na durƙusa na ce, "Kawu, wannan fa?"

Ya ce, "Tutar mutanen can ce da muka yaƙa. Kalla da ido, kada ka ja."

Ni ban taɓa ganinta ba sai ranar. Tutar da na sani ita ce kore da fari da kore da ke ƙofar makaranta. Da yake ina ɗan taɓa allura, abin da ya fara kama idona shi ne aikin. Ba na tela ba ne, ba na keke ba ne, ɗinkin hannu ne daga farko har ƙarshe. Jan, in ka kara shi da rana, za ka ga sauran zanen furanni a jikinsa, alamar zanen mace ne aka rina. Baƙin ƙyalle biyu ne aka haɗa, ɗaya kamar na laima, ɗaya kamar na wando. Koren irin yadin rigar 'yan makaranta ne. Su kuwa tsirkiyoyin nan, kowace da hannun da ya ɗinka ta. Wata an yi mata ɗinki ƙanana a jere kamar haƙoran mashaci, wata an yi mata manya a karkace, wata har an warware an sake. Na ce wa Kawu wannan ba aikin mutum ɗaya ba ne, hannu ya kai goma. Sai ya naɗe ta ya mayar adaka ya kulle.

Daga ranar na zame masa ƙarfen ƙafa. Duk sanda na gama ban-ruwa sai in je in zauna kusa da shi a kan simintin ƙofar kanal, ta gefen kunnen da ke ji, in fara jero tambayoyi. Na tambaye shi ko ranar nan fitowa take yi ko faɗuwa. Ya ce ya danganta da wanda na tambaya, su sun ce fitowa take, su Kawu kuma suka ce faɗuwa. Na tambayi ma'anar launukan. Ya ce wani malamin makaranta da suka kama, aka ba shi gadinsa kwana uku, shi ya bayyana masa: baƙin makoki ne, koren arzikin da suke fata, tsirkiyoyin lardunansu ne. Da ya zo kan jan sai ya sassauta murya, ya ce na jinin mutanensu ne da aka zubar a garuruwanmu kafin a fara yaƙin.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne da ya ce tuta a fagen yaƙi ba ado ba ce. Ni da na ɗauka ana riƙe ta ne don fareti. Ya ce a can ƙasar daji ne mai duhu, mutum na taku goma a gabanka ba ka ganinsa, masu harba igwa kuma suna can baya da nisa, ba su san inda 'yan'uwansu suka kai ba. Saboda haka duk garin da aka shiga, kafin a sha ruwa, sai a sa mai iya hawa ya hau abin da ya fi komai tsawo, ko hasumiyar coci ko rufin makaranta ko bishiyar kwakwa, ya sauke ta wancan ɓangare ya ɗaura tasu. In aka yi jinkiri, naka ne za su yi maka ruwan wuta. Ya ce akwai ranar da tutarsu ta faɗa kogi, suka yaga koren bargo biyu suka sa farar singiletin wani saje a tsakiya suka harhaɗa da ƙaya, ita ta cece su. Ya ce mutanen ƙauyuka da yawa tuta biyu suke ajiyewa a ƙarƙashin katifa, su leƙa su ga mai zuwa sannan su zaɓi wadda za su fitar. Kuma kowane ɓangare yakan ɗaura ta abokin gaba don ya yaudare shi ya matso.

Na ce to yaya ake gane ta gaskiya da ta tarko. Ya ce da farkon yaƙi tutocinsu na kamfani ne, masu sheƙi. Da aka toshe musu hanya, yadi ya yanke, sai suka koma ɗinkawa da abin da suka samu. Don haka in ka hango sabuwa fil a garin da yunwa ta cinye, ka yi hattara. In kuwa ka ga mai faci, ɗinkin hannu, to tasu ce ta gaske. Na ce ashe wannan ta adaka ta gaske ce. Ya miƙe ya ce lokacin rufe ruwa ya yi.

Tambaya ɗaya ce ban yi ba, ita ce a ina ya samo ta, kuma don me yake ajiye da ita. Na riga na yanke wa kaina cewa ganima ce, irin yadda maharbi ke ajiye ƙahon abin da ya harbo. Na tambayi launi, na tambayi zare, na tambayi igwa, na bar wadda ta fi su duka.

Wani abu kuma ya shiga raina ya ƙi fita: ina son in gan ta a sama iska na kaɗa ta. A shimfiɗe a tabarma ƙyalle ce kawai. Ina so in ga abin da Kawu ke hangowa daga nesa, in ga ko rabin ranar nan na fitowa sosai, ko baƙin na haɗiye ta. Na roƙe shi sau biyu. Na farko ya yi kamar ta kunnen da ba ya ji na yi magana. Na biyu ya ce in na sake, kada in ƙara zama a kan simintinsa.

Ana nan alkama ta fitar da kai ta fara ɗaukar madara, sai aka kira tsofaffin sojoji Kaduna tantancewar fansho. Matar Kawu ta rasu da daɗewa, 'ya'yansa mata duk suna gidajen aure, don haka ni ya ba makullin ɗakinsa da na adaka a haɗe. Ya ce in kula da gidan. Har ya kai bakin zaure ya juyo ya ce, "In na dawo akwai ɗan aikin da za ka yi mini da alƙalaminka. Ka nemo takarda mai kyau." Na ce to, a zatona wasiƙar fansho ce.

Kwana biyu na daure. A na uku, bayan sallar azahar, na buɗe adakar na cusa tutar a cikin riga na nufi gona. A lokacin jan-baki sun sauko mana, tsuntsayen nan ƙanana masu zuwa kamar hadari. Kowace gona an kewaye ta da igiyoyi, an rataya gwangwanaye da tsakuwa a ciki, an ɗaɗɗaura tsummoki da ledoji. Akwai wata doguwar gora da nake ja wa igiyar a tsakiyar gonata. Na kwantar da ita, na zura ta a cikin naɗin da aka yi wa gefen tutar da farin ƙyallen buhun gishiri, na ɗaga na kafa. Sannan na taka har bakin kanal na juyo.

Ba zan yi ƙarya ba, ta yi kyau. Iska ta buɗe ta gaba ɗaya a kan koren alkama, rabin ranar nan kuwa sai ka ce a lokacin take ɓullowa daga bayan wani abu. Daga nesa ba ka ganin faci, ba ka ganin karkataccen ɗinki. Na ƙara matsawa baya don in ga iya inda ido ke rabe launukan. Na kai gona ta huɗu ina ganin ja da ruwan ɗorawa sarai. A raina na ce lallai masu wannan abu sun san abin da suke yi.

Ban lura mutane sun fara taruwa ba. Maƙwabtan gona suka zo suna tambaya ko ƙungiyar ƙwallo na kafa. Wani ya ce a'a, sabuwar jam'iyya ce, ni ne shugaba, jan-baki ne 'yan jam'iyya. Ana cikin dariya sai ga malamin gona a kan babur, ya goyo mai unguwa. Malamin ya yi karatu a Zariya, ya san abin da yake kallo. Ko kashe babur ɗin bai yi da kyau ba ya sauko. Ya tambayi gonar wa ce, aka nuna ni. Ya ce ko na san mulkin da muke ciki, ko kuma na gaji da kwana a ɗakina. Ya ce wannan tutar 'yan tawaye ce, motocin soja na bin babban titi kullum, in ɗaya ta hango ta ba ni kaɗai za a kwasa ba, har da mai unguwa da duk wanda ke tsaye a nan. Kafin ya rufe baki rabin mutanen sun tuna suna da aiki a gonakinsu.

Mai unguwa ya matso kusa da ni ya ce, "Ɗan nan, ban ga komai ba. Amma kafin in kai bakin titi, abin nan ya daina zama tuta."

Na ce, "An gama, ranka ya daɗe."

Da ina da hankali da na sauke ta na naɗe na mayar adaka, shi ke nan. Amma tsoro ya riga ya shige ni. Na ga kamar za a biyo ni gida a yi bincike, a same ta a ɗakin Kawu, a hana shi fansho, a ɗaure mu. Na kayar da gorar, na zaro wuƙar da nake yanke igiya, na taka gefe ɗaya da ƙafa na fara tsagawa. Na tsaga jan gida shida, koren gida shida. Baƙin na bi ta tsakiyar ranar. Da na zo kan farin naɗin gefe, na ji ya fi sauran kauri, har na ga wani baƙin zare a cikinsa kamar an yi rubutu. Na gani da idona. Ban tsaya ba. Na yanka shi gida uku.

Da na gama, sai na ga tsummoki masu launi a gabana, ga kuma tsuntsaye na shawagi. Na bi igiya na ɗaɗɗaura su. Abin kunya, har daɗi na ji da na ga jan-baki sun kauce wa gonata sun faɗa ta maƙwabci. Farin gefen nan kuwa da yake yana da ƙarfi kamar igiya, guntu ɗaya na ɗaure bakin gorar da shi. Na biyu washegari na ɗaure murfin kwandon tumatir da shi, mota ta tafi da shi Ikko. Na uku wani mai jaki ya roƙa zai ɗaure mangala, na miƙa masa. Da na neme shi daga baya ya ce ya tsinke a hanyar kasuwar Bunkure ya yar.

Kwanakin da suka rage na yi su ina shirya ƙarya. Na ce zan ce gara ce, na tuna adakar ƙarfe ce. Na ce zan ce ɓarayi, na tuna ba a fasa ƙofa ba. Ban gama zaɓa ba Kawu ya dawo. Ranar da safe ina gona ina jan igiya, na hango shi yana ɗingiso a kan gaɓar kanal, da wani mutum a bayansa. Ashe ya biya gidana neman makulli, matata ta ce ina gona da shi a aljihu. Mutumin da ke tare da shi direban babbar motar tumatir ne, Ibo, mai furfura a gemu. A Kano aka haife shi, Hausarsa ta fi tawa fita.

Kawu ya zo bakin gonar ya tsaya. Ya dubi igiya daga wannan gefe zuwa wancan, ja da baƙi da kore suna ta rawa a kan alkama. Ya cire hularsa ya zauna a ƙasa a kan gaɓa, ya miƙe ƙafar nan mai ciwo. Ni na fara magana, na kawo malamin gona, na kawo mai unguwa, na kawo motar soja. Ya ɗaga mini hannu. Ya ce, "Farin gefen. Ina farin gefen?"

Na kwanto guntun da ke bakin gora na kawo. Ya buɗe naɗin da yatsa, ya miƙa wa direban. A ciki rubutun boko ne da baƙin zare, layi bisa layi.

A nan ne, a gaban baƙo, Kawu ya faɗi abin da bai taɓa faɗa wa kowa ba. Ya ce ana saura 'yan watanni yaƙi ya ƙare suka iso gefen wani ƙauye. Shi aka sa ya hau bishiya da madubin hangen nesa. Ya hango makaranta, da wannan tuta a kan rufinta. Hafsansu ya tambaye shi daga ƙasa ko ta gaske ce ko tarko.

"Na ce masa ta gaske ce, ɗinkin hannu ce. Ni na faɗa. Da bakina."

Aka juya igwa. Da suka shiga ba su sami soja ko ɗaya ba, ba su sami bindiga ko ɗaya ba. Mata ne da yara 'yan gudun hijira da suka taru daga garuruwa dabam dabam. Wata tsohuwa da ta tsira ta gaya musu ta bakin tafinta cewa su suka ɗinka ta, suka ɗaura, don kada sojojinsu su zaci makarantar ta faɗa hannun abokan gaba su harbe ta. Hafsa ya ce wa Kawu ya hau ya sauke ta ya ƙone. Ya hau, ya fizgo ta, naɗin gefe ya ɓarke, ya ga rubutu. Sai ya cusa ta a rigarsa. Ya ce bai san me aka rubuta ba, amma ya ƙirga layukan: ɗaya a sama, goma sha ɗaya a ƙasa, daidai da tsirkiyoyin. Layin saman ne ya zana a takarda yadda ake zana hoto, shi yake nuna wa direbobi shekara da shekaru. Wasu su ce ba su sani ba, wasu su dube shi su tashi. Sai wannan mutumin da ya karanta ya ce sunan ƙauye ne, kusa da garin mahaifiyarsa. Suka yi alkawari in Kawu ya dawo daga Kaduna zai ba shi ya kai. Aikin alƙalamin da ya ce zan yi masa kuwa, so yake in kwafe sunayen a takarda ya ajiye, ko da wani abu zai sami tutar a hanya.

Aikin da ba zai ɗauke ni minti goma ba ke nan.

Direban ya daɗe yana duba guntun. Ya ce sunan ƙauyen na nan, da sunayen mata huɗu cikakku, kowace da sunan gidan ubanta. Na biyar wuƙa ta raba shi, rabi ya rage. Ya tambayi sauran guntayen, na gaya masa inda suka tafi. Bai zage ni ba, ni kuwa da ya zaga da na fi jin sauƙi. Muka bi igiya mu uku muna kwance tsummokin ɗaya bayan ɗaya, rana ta riga ta fara cin launinsu. Na ce a ba ni kwana biyu in haɗa ta, na iya allura. Direban ya ce a bar ta haka. Ya ce dama yana ta tunanin yadda zai wuce shingayen sojoji da ita a ɗinke, yanzu kuwa ko an buɗe jakarsa tsumman goge inji za a gani. Ya dubi Kawu ya ce, "Baba soja, ƙyallen zai isa gida. Sunayen ne dai."

Sai da shekara ta zagayo, tumatir ya sake nuna, sannan muka ƙara ganinsa. Ya same mu a ƙofar kanal. Ya ce ya je ƙauyen, ya yi ta tambaya har aka kai shi wurin mai suna na uku. Tana raye, ta tsufa, tana sayar da manja a bakin hanya. Ta baje tsummokin a cinyarta ta nemo tsirkiyar da ta ɗinka ta nuna masa. Ita ta cika sunan nan da ya rabu, ta kuma tuno wasu biyu. Sauran huɗun ta ce daga nesa suka zo, kwanansu bai fi goma a makarantar ba, da sunan 'ya'yansu ake kiransu. Dalilin da ya sa kowace ta ɗinka cikakken sunanta ke nan, don in wani abu ya faru a san inda za a kai labari. Su huɗun duk ba su fita daga makarantar ba, kuma ba wanda ya san gidajensu.

Kawu ya tambaya ko ta ba da saƙo gare shi. Direban ya ce ta ce ba ta da abin da za ta ce masa, amma da hannu biyu ta karɓa. Sannan ya ce akwai kuma abu ɗaya. Ita a zatonta igwar ce ta yayyaga tutar tun a ranar, shi kuma bai gyara mata ba. Ya ce in muna so, in ya koma zai gaya mata gaskiya.

Na buɗe baki zan ce a gaya mata ni ne. Kawu ya riga ni. Ya ce, "Bar ta a haka. Wanda ya ɗauki wancan, wannan ba zai gagare shi ba."

Na yi shiru, kuma wannan shirun shi ne kuskurena na biyu. Na bar tsoho mai ɗingishi ya ƙara laifina a kan nasa, don ya fi mini sauƙi. Bayan shekara biyu Allah ya yi masa rasuwa. Har ya koma ga Mahaliccinsa bai taɓa tayar mini da zancen ba, ko da wasa. Direban ma daga baya ya daina zuwa, ban san ƙauyen ba, ban riƙe sunan matar ba. A wani wuri a ƙasar nan akwai gidaje huɗu da wataƙila har yau ba su san inda 'yarsu ta ƙare ba. Amsarsu ta yi shekara kusan ashirin a adaka, ta tsallake yaƙi da gara da damina, ta zo hannuna na ɗaure kwandon tumatir da ita.

Abin da na koya shi ne son sani ba laifi ba ne, amma nawa na ido ne kawai. Na so in san yadda aka yi abin, ban damu in san don wa aka ajiye shi ba. Don haka ina roƙon duk wanda ya karanta wannan, in akwai tsoho a gidanku mai wani abu da yake lallaɓawa, ko tsumma ne ko guntuwar takarda, ku zauna ku tambaye shi na wane ne, tun yana da bakin faɗa. In an ba ku makulli, ku riƙe makulli kawai. In kuma kuka riga kuka yi ɓarna, ku faɗa da bakinku a lokacin, kada ku bari wani ya ɗaukar muku. Ku sa Kawu a addu'a, da matan nan huɗu da ni na ɓatar da sunayensu.